Tukwanen da Ke Cikin Bangon Coci

Shekarun baya, tun gwiwata ba ta fara ciwo ba, aka kira ni gyaran wani tsohon coci a hanyar Inkil. Ni magini ne. Inda bango ya tsage nan nake zuwa, ba ruwana da wanda ke ibada a ciki.

Ginin dutse ne daga ƙasa, sama tubali, rufin kuma bakan gizo irin na soron mutanen da. Wani dattijo makaho mai riƙe da makulli ne ya buɗe min. Ya jingine sandarsa a bakin ƙofa, ya kama 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, ya ratsa tsakanin bencina tiryan-tiryan kamar mai ido, ya fita ta baya.

Rana tsaka ce, amma ciki sanyi kamar randa. Na yi gyaran murya, sai na ji an yi gyaran murya a bayana. Na waiga, ba kowa. Na ce bismillah, ɗakin ya mayar min a hankali, kamar da bakin wani.

Da na hau tsani sai na ga ramuka a jere kusa da rufi. Na zura hannu. Tukwane ne binne cikin bango, bakinsu na kallon ɗaki. Na zare hannuna da sauri. Inda na taso, tukunya a binne sunanta sammu. Ban tambayi kowa ba, wai ni gwani. Na kwaɓa siminti, kafin la'asar na toshe su kaf.

Na sauko na yi tari. Shiru. Muryata ta faɗi a gabana kamar jiƙaƙƙen tsumma. Wallahi shirun nan ya fi amsawar ban tsoro.

Washegari dattijon ya shigo, ya ajiye sanda, ya kama waƙarsa. Taku uku ya tsaya. Ya miƙa hannu yana lalube, ya bugi benci da ƙauri.

"Malam magini, me ka yi wa ɗakin nan?"

"Baba, mugun abu na toshe muku."

"Mugun abu? Kai ɗan nan, idona ka toshe!"

Ya zauna yana murza ƙafa. Ya ce wani limaminsu mai dogon gemu da baƙar riga, da ya zo daga ƙasa mai nisa, shi ya sa maginan garin nan suka binne tukwanen, don na sahun baya ya ji addu'a ba sai an ɗaga murya ba. Shi kuma da amsawar yake gane hanya.

"Kakanninka ne suka gina," ya ce, "ba aljanu ba."

Kwana uku ina ƙwaƙular siminti da ƙusa, kamar mai cire ƙaya. Duk suka buɗu, sai ta kusurwar gabas. Ita ta fashe a hannuna.

Dattijon ya zaga da waƙarsa ba tuntuɓe. Da ya kai kusurwar ya tsaya cak.

"Wurin nan ya mutu," ya ce. Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni.

Tun daga nan ban sake toshe ramin da ban san dalilinsa ba. Dattijon ya daɗe da rasuwa. Bara aiki ya bi da ni ta wajen, na roƙa aka buɗe min. Na bi ɗakin ina sallama, ko'ina ana amsawa. Na je kusurwar gabas na yi har sau uku.

Ba wanda ya amsa.