Ranar da Muka Yayyafa wa Ƙasa Ruwa

Mahaifina mutum ne mai baki. A ƙauyenmu, can kan tudu tsakanin Illela da Badaguishiri, ba a neman aure ko sasanta manomi da makiyayi sai an aika an kira shi. Na taɓa ganin makiyayin da ya zo da sanda a kafaɗa yana huci, Baba ya yi ta jan shi da zance har mutumin ya koma ruga ya aiko mana da nono. Ina yarinya ina taƙama da bakin nan. Yanzu da nake da nawa ƴaƴan a Konni, in na tuna shi sai raina ya ɓaci, kuma har gobe ina son mai shi.

Rijiya ɗaya gare mu, tsohuwa, mai zurfin da in ka leƙa sai ka hango ruwan kamar ƙwayar ido. Da rani takan ja baya, guga ya riƙa fitowa da laka. To sai an zura mutum da igiya ya yashe ta, kuma mutumin nan yayana ne, don shi ne marar nauyi cikin samari, ga shi ba ya musu. Duk ranar da zai shiga, Inna ba ta sa komai a bakinta. Takan tsaya gefe tana sauraron ƙasar bango tana zuba a ciki, har a jawo shi.

Wata shekara labari ya zo cewa mutanen porje, masu aikin raya karkara, za su haƙa foraj, wato rijiyar famfo, guda ɗaya tak, ko a garinmu ko a ƙauyen da ke gabas da mu. Za su zo su gani da idonsu wa ya fi bukata. Ba a ma tsaya shawarar wanda zai yi mana magana ba. Mutanen gabas kuwa har tausayinsu muke ji, don mai garinsu in'ina gare shi.

Ana gobe za su zo, Inna ta aje wa Baba tuwo, ta ƙi tashi.

"Malam, ka hwaɗa musu gaskiya," in ji ta. "Ka ce ɗanka na shiga ramin ga, bango na zuba bisa kainai. In ba su yarda ba ka gwada musu hannuwana."

"Ke dai bar ni da su," in ji Baba. "Ni nas san yadda aka magana da manya. Ba a tarbar baƙo da kuka."

Gari ya yi shirin baƙi yadda muka gada. Aka share ko'ina, aka yanka rago, maza suka wanke riguna. Mata suka yi ta jan guga har hannunsu ya fashe, don a cika randunan ƙofar mai gari. Da safe aka ba mu ƴammata ƙore, aka ce mu yayyafa ruwa a filin taro kada ƙura ta taɓa baƙi. Da hannuna na yi. Mutanen da za su zo duba ko muna da ƙishirwa, su muka jiƙa wa ƙasa, kuma duk garin ba a sami mutum ɗaya da ya ce kai ba.

Suka iso cikin farar mota, maza biyu da wata mace mai tabarau. Suka taka ƙasa mai sanyi, aka zuba musu ruwa suka wanke hannu har gwiwa, suka sha fura. Sannan Baba ya miƙe.

Wallahi ban taɓa jin ya yi magana irin ta ranar ba. Ya faro daga kakan da ya sari garin, ya bi ta shekarun yunwa da ba wanda ya gudu, ya ce mu mutane ne da ba mu taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Ya yabi baƙi, ya yabi iyayensu. Tsofaffi suna gyaɗa kai, wasu har da hawaye. Rijiya kuwa ya ambace ta sau ɗaya, ya ce gadon kakanni ce mai albarka.

Da ya numfasa, matar nan ta tambaye shi kai tsaye, "Baba, ruwan yana isarku?"

Na ga ya dubi inda Inna take tsaye cikin mata. Ya dubi mai gari, ya dubi surukansa da ke zaune a gaba.

"Alhamdu lillahi, Hajiya," in ji shi. "Ba a rasa ba. Allah na rufa muna asiri."

Wata ta rangaɗa guɗa. Inna ta cusa hannuwanta cikin zane. Mace ba ta katse mijinta a gaban gari, ta san haka, ni ma na sani, amma na daɗe ina jin haushinta ita ma.

Daga baya muka ji yadda aka yi a gabas. Wata tsohuwa ce ta dire musu ƙwaryar ruwa ja wur ta ce su sha, shi ake sha a garin. Mutanenmu suka yi ta musu dariya, wai sun zubar da mutuncinsu a gaban baƙi. Kafin damina injin haƙa ya wuce ta bayan garinmu ya yi gabas. Baba ya ce ba rabonmu ba ne.

Da rani ya dawo, rijiya ta ja baya, aka zura yayana kamar kullum. Ina tsaye kusa da Inna muka ji wani gum daga ƙasa, ƙura ta taso ta bakin rijiyar. Maza suka ja igiya, ta ƙi motsi. Sai bayan la'asar aka tono shi.

Aka kawo shi gida, liman ya ce a kawo ruwan wanka. Mata suka dubi juna. Rijiya ta rufta, randuna kuma ba abin da ke cikinsu sai ɗan abin da ya kwanta a ƙasa.

Muna haka sai ga amalanken jaki daga gabas, cike da jarkoki. Mai garinsu ne da kansa ya rako shi. Ya tsaya gaban Baba yana ta fama da in'inarsa, da ƙyar ya iya cewa ga ruwa. Kowa yana jiran Baba ya yi godiya yadda ya iya. Ya buɗe baki, ya rufe. Inna ce ta zo ta ɗauki jarka ɗaya ta shige ciki. Da ruwan famfon nan aka wanke yayana, garai-garai, irin wanda bai taɓa sha ba.