Ragowar da Na Bari a Kwanon Japan

Har gobe ban manta da ranar Asabar ɗin da na ci miyar yakuwa a ƙasar Japan ba, ranar da 'yar ragowar shinkafa ta kusa jawo wa matan Manga asarar inji. Ku da kuka shigo ofishin nan kwanan nan, kuna ganin injin casar nan a rumfarsa kamar daga sama ya faɗo. To ku gyara zama ku ji.

Lokacin ni ne malamin gona mai kula da shiyyar Manga. Ga wanda bai san aikin ba, malamin gona shi ne mai hawa babur ya bi ƙauyuka, ya nuna wa manoma tazarar shuka da lokacin zuba taki, sannan ya dawo Zuru ya ba shugaban sashe rahoto. A shiyyata akwai ƙungiyar mata masu noman shinkafa a fadama, shugabarsu Mama Saratu. Babbar wahalarsu ita ce casa. Dami suke ɗagawa su yi ta bugawa a jikin duro har kafaɗa ta mutu, ƙwaya kuwa ta yi ta tsalle tana faɗawa cikin ƙasa. In sun tashi sai tsofaffin da ba su da gona su zo kala, da tsintsiya da faifai, su tsince abin da ya zube.

Wata safiya shugaban sashenmu, Alhaji Umaru, ya kira ni ofishinsa. Ya ce, "Yohanna, an ba mu gurbi guda na kwas ɗin shinkafa a Japan, kai munka zaɓa. Ka tai ka buɗe ido. An ce wanda tsarinai ya yi kyau, ana ba shi kayan aiki."

Don murna na fito na wuce babur ɗina ban gan shi ba, sai da na kai bakin titi na tuna da shi na zo. Da yamma na garzaya Manga na faɗa wa Mama Saratu. Ta kama hannuna ta ce, "Ɗana, kada ka wahal da kanka da tsaraba. Inji za ka kawo muna."

Ga yadda kwas ɗin yake. Ana karatu, ana shiga gona, sannan kowa ya rubuta tsarin aikin da zai yi in ya koma gida. Malamin da ke duba ka shi ne zai sa hannu, in bai sa ba, sai dai ka dawo da takardar shaida da hotuna. Ni da wani abokina Alhassan, mutumin Gana mai jin Hausa, muka faɗa hannun Malam Sato, wani siririn tsoho ɗan manoma. Ranar farko yana cikin bayani ya tsaya, ya sunkuya ya tsinci ƙwayar shinkafa ɗaya a ƙasa, ya sa a aljihu, ya ci gaba. A ɗakin cin abinci kuwa, da tsinkayen nan biyu da suke ci da su yake bin kwanonsa har sai ya koma kamar an wanke.

Ni dai shinkafarsu ta yi mini, ina ci in bar kaɗan a gefen kwano yadda na saba, ban ma san ina yi ba. Abin da na lura da shi kawai, tsohon nan yana sakin fuska da Alhassan, ni kuwa ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Da na kai masa tsarina ya karanta, sai ya ɗago ya ce, "Ka rubuta cewa injin zai hana zubar ƙwaya. Kai zubar ƙwaya ta dame ka?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa, Malam."

Ya miƙo mini takardun ba sa hannu. Da muka fito Alhassan ya ce, "Ɗan'uwa, me ka yi wa tsohon nan? Ba ya yi da kai fa." Kwas ya zo ƙarshe, ranar Litinin za a rufe karɓar tsari, ni kuwa fuskar Mama Saratu kawai nake gani.

Ranar Asabar, bayan mun zagaya wata gona, Malam Sato ya ce zai kai mu cin abincin rana wurin abokinsa. Wani ɗan ƙaramin gidan abinci ne a lungu, iyalin suna kwana a sama, suna sana'a a ƙasa. Maigidan ɗan Japan ne, matarsa 'yar ƙasar Bama, uwarta kuma tana can ciki wajen tukwane. Shi yana yin abincin ƙasarsu, su suna yin nasu, duk a teburi ɗaya ake kawo maka.

Muka cire takalma muka zauna a ƙasa. Aka miƙo mana ɗan tawul mai ɗumi, na goge fuska, na goge wuya, na hau goge kai, sai da Alhassan ya zungure ni ya ce na hannu ne. Maigidan ya kawo nasa, ɗanyen kifi yankakke an jera shi gwanin sha'awa. Ban taɓa yin doguwar addu'a a kan abinci irin ta ranar ba. Na ɗauki yanka ɗaya na rufe ido na haɗiye, abin mamaki ba ƙarni. Sai matar ta kawo wani haɗi na ganyen shayi da gyaɗa da riɗi, na ɗanɗana na ce wa Alhassan, "Kai, wannan ai kwaɗo ne!" Cikina ya fara buɗewa.

Sannan ta ajiye shinkafa da wata miyar ganye mai duhu, da jatan lande a ciki. Tun kafin in taɓa, ƙamshin ya doki hancina. Na kai baki, tsamin nan ya ratsa ni har kunne. Ban san lokacin da na miƙe tsaye na ce, "Yakuwa! Wallahi yakuwa ce!" ba.

Dole in faɗa muku dalilin wannan ihu. Kakana yana cikin mutanen ƙasar Zuru da aka kai yaƙin Bama. Muna yara yana ba mu labari cewa a can ma yakuwa na fitowa a bayan gida, har miya suke yi da ita. Sai a yi ta yi masa dariya, a ce, "Baba, yunwa ce ta sa kowane ganye ya zame maka yakuwa." Har ya rasu ana tsokanarsa da wannan magana. Ga ni yau a wata uwa duniya, gaskiyar tsohon tana cikin bakina.

Na ciro waya na nuna wa matar hoton yakuwar bayan gidana. Ta dafe ƙirji, ta ruga ciki ta jawo uwarta. Tsohuwar ta fito tana goge hannu a zane, ta dubi hoton, ta dube ni, ta hau magana ba tsayawa. 'Yarta ta fassara cewa da irin da ta zo da shi daga gida take shuka ta a bokitai a saman bene. Na ba su labarin kakana. Ban dai faɗi da wa ya je yaƙin ba, su ma ba su tambaya ba, kowa ya san da Japan aka gwabza. Tsohuwar ta ga ina kokawa da tsinkaye, ta fizge su, ta kawo mini ruwan wanke hannu, ta nuna mini cewa su ma da hannu suke ci. Jama'a, na ci abinci! Gumi yana zuba, ana ƙara mini, ina ta santi.

Da na ƙoshi sai na tattara ragowar a gefen kwano, na ɗora jatan landen da ya fi girma a kai, na wanke hannu. Tsohuwar ta dubi kwanon, fara'arta ta gushe. Malam Sato ya ajiye tsinkayensa.

Ya ce, "Yohanna, ka ce wannan ya fi duk abin da ka ci a ƙasarmu."

Na ce, "Ko shakka babu, Malam."

"To don me ka bari? Tun ranar da ka zo nake kallon kwanonka, ba ka taɓa cinyewa ba. Mahaifina da lanƙwasasshen baya ya mutu saboda shinkafa. Yaya zan sa hannu a ba da inji ga mutumin da ke zubar da ita kullum?"

Ashe abin da ya hana ni sa hannu ke nan. Na ce, "Malam, ba zubarwa nake yi ba. A wurinmu magidanci ba ya suɗe kwano. Yara suna bakin ƙofa suna jiran ragowar baba, kuma abin da ya fi daɗi shi ake bar musu. Wanda ya cinye tas, sai a ce ba shi da tausayi. Ni da ragowar kakan nan nawa na girma."

Ya dube ni ya ce a hankali, "A nan ba yaro a bakin ƙofa. Bola ake kaiwa."

Na tuna duk shinkafar da na bari tun zuwana, ni malamin gona guda, kunya ta rufe ni. Matar gidan ta fassara wa uwarta abin da ake ciki. Sai tsohuwar ta tuntsire da dariya, ta ɗauki cokali ta ɗebi shinkafa ta ajiye a gefe. Ta ce su a Bama, kafin kowa ya kai loma, sai an ɗebi cokalin farko an ajiye wa iyaye, ko da ba sa wurin. Na jawo kwanona na cinye ragowar har ƙwayar ƙarshe, abin da ban yi ba tun da na yi aure. Tsohuwar ta tafa mini, ta ga kwano fayau, ta sake cika shi. Alhassan ya yi dariya har da hawaye.

A hanyarmu ta zuwa tashar jirgin ƙasa Malam Sato ya jero da ni. Ya ce, "Ƙwayar da ke zuba a gonakin matan nan naku, ita ma akwai mai jiranta?"

Na tsaya cak. Tsofaffin kala! Ko layi ɗaya ban rubuta a kansu ba. Ya ce, "In inji ya zo ƙwaya ta daina zuba, me za su ci?"

Washegari na auna lokacin da aka taso daga sujadar coci a gida, na kira Mama Saratu. Na faɗa mata tambayar, na ba ta labarin cokalin tsohuwar Bama. Ta ce, "Wanga abu ba shi da wuya, ɗana. Duk macen da aka yi wa casa, ƙwaryar farko ta tsofaffi ce. Ka rubuta, ni na ce." Na rubuta. Ranar Litinin Malam Sato ya karanta, ya sa hannu, ya miƙe ya rusuna mini irin gaisuwarsu. Na fito ina tsalle kamar ba ni ne mai 'ya'ya a sakandare ba.

Da kaka ta zagayo injin ya iso. Ranar da aka tayar da shi Manga ta cika, mata na guɗa, maza na leƙen cikinsa, Alhaji Umaru yana ta cewa a matsa a ba injin iska. Can nesa na hango Kaka Tani, ɗaya daga cikin tsofaffin kala, ta zo da tsintsiyarta da faifai yadda ta saba. Ta ga shinkafa na zuba cikin buhu, ƙasa kuwa fes, sai ta juya za ta tafi. Mama Saratu ta tara ƙwarya a bakin injin, ta cika ta, ta ɗora a ka, ta bi ta da sauri tana kira, "Inna, tsaya, ga naki!" Tsohuwar ta dubi ƙwaryar, ta dubi tsintsiyar hannunta, ta jingine ta a jikin bishiya ta karɓa da hannu biyu. Na juya baya don kada a ga idona.

Abin da wannan tafiya ta koya mini a aikin nan shi ne, malami da ɗalibi muka yi ta kallon kwano ɗaya, kowa yana ganin abu dabam, sai da aka buɗe baki aka tambaya. Don haka in kun shiga gona kuka ga manomi ya bar kunya ɗaya bai girbe ba, ko mace ta bar zangarniya a ƙasa, kada ku yi saurin rubuta ɓarna a rahoto. Ku sauka daga babur, ku gaishe shi, ku tambaye shi wa ya bar wa.