Ɗakin Sirk na Bayan Shagon Goro

"Mahaukatan sirk" mutanen unguwarmu ta New Bell a Douala suke ce mana, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba, don akwai gaskiya a ciki. Magidanta ne mu, masu gemu da iyali, amma duk Lahadi bayan la'asar sai mu shige wani ɗaki da ke bayan shagon goro, mu zauna muna shafa tsofaffin takardu da tsummokara kamar kayan gado.

Alhaji, shugabanmu, shi ya fara abin. Yana saurayi, yana lebura a tashar jirgin ruwa, wasu Turawa masu wasa suka sauka da ƙaton tantinsu, kuma yana cikin waɗanda suka sauko da kejin zaki daga jirgi. Sirk ake ce wa wasan nasu. Da suka kwashe suka tafi, sai ya je filin ya tsinci yagaggiyar takardar talla da guntun igiyar da wata mace take lilo a kai. Daga nan ciwon ya kama shi. Duk wata tawagar da ta biyo baya sai ya samo wani abu nata: tikiti, bulala, jan hancin mai ba da dariya, dogayen ƙafafun itace. Sannan ya waiwayo kan namu na gida, wato masu wasa da kura da maciji, 'yan dabo, 'yan tauri, waɗanda suka gangaro daga arewa da wasansu suka tsufa a Douala. Su ma suka riƙa kawo kayansu ajiya, wasu suka zauna suka zama 'yan ƙungiya.

Ni tela ne. Wata riga mai ƙyalƙyali Alhaji ya kawo mini gyara, na tambaye shi wane mara kunya ne yake sa irin wannan. Ya ce in zo Lahadi in ji. Na je, ban sake fashi ba.

Ba mu rubuta komai. Wai da can an taɓa yin babban littafi, kowane kaya da lambarsa da bayaninsa, sai wata damina ruwan lambatu ya shigo ɗakin ya mayar da shi kunu. Tun ranar Alhaji ya ce takarda ba ta da rai a garin nan, a kai za a riƙa ajiya. Aka raba kayan, kowanne da mutum ɗaya da zai riƙe labarinsa: wa ya kawo shi, daga ina, me aka yi da shi a fili. "Mai baki" muke kiran mutumin. Daga baya aka ƙara doka ta biyu, bayan wasu dattawa biyu sun kusa ba hammata iska saboda ɗaya ya ba da labarin bulalar ɗaya ya ƙara gishiri: kada kowa ya sake ɗaukar labarin da ba nasa ba a bakinsa. In mai baki ya ji ƙarfinsa ya fara tafiya, sai ya zaɓi magaji ya zuba masa, a gaban 'yan ƙungiya uku.

Ni riguna huɗu aka ba ni da hula guda. Su na sani, har gobe. Sauran kuwa ina ji ne kawai kamar yadda ake jin rediyon maƙwabta. Me zai sa in wahalar da kaina da abin da ko na riƙe ba ni da ikon faɗa? Sai in ɗora riga a cinya ina ɗinke maɓalli, in aka yi dariya in ɗago in taya.

Wanda ya fi kowa sa mu dariya shi ne Baba mai kura. Tsoho ne gajere, hannunsa na hagu duk tabo, ya yi shekaru yana yawo da kura daga gari zuwa gari kafin ƙafa ta gaza masa a New Bell. Bayan Alhaji shi ne mai kaya mafi yawa, don duk abin da ya shafi dabba shi aka ba: takunkumi, sarƙoƙi, kwandon maciji, 'yar rigar biri. In ya fara, har masu goro sukan bar ciniki su leƙo ta taga.

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda kowa a Douala yake kira kiriz. Aka yanke albashi, kamfanoni suka riƙa sallamar mutane. Akwai lokacin da gari yakan mutu tun daga Litinin har Juma'a, ba shago, ba mota, sai hayaƙin taya a mahaɗa. Ni da nake ɗinkin manyan riguna na koma faci. Mutum ya zo da wandon da na ɗinka masa shekara goma baya, ya ce, "Tela, juya mini shi."

Ƙungiya ta fara zubewa ba tare da kowa ya ce ya fita ba. Wani ya kwashe iyalinsa ya koma arewa, sai bayan mako biyu muka ji. Wani ya bi ɗansa Najeriya. Babu wanda ya tsaya neman shaidu uku, wa yake ta wannan alhali tukunya ba ta hau wuta ba? Abin da ya karya ni shi ne Alhaji. Ya yi zazzaɓin kwana huɗu, yana cewa zai tashi, Allah ya karɓi abinsa. Rabin ɗakin nan a kansa yake. Lahadin da ta biyo bayan sadakar bakwai na tsaya gaban bango ina kallon takardun tallan da ya tara, ga hoton mace a sama, ga doki, ga wuta, amma babu mai gaya mini wace shekara ko su wane ne. Na yi kuka a wurin, kuma ba duka na Alhaji ba ne.

Mai shagon goro ya ce yana son ɗakinsa, zai sa haya. Ban ga laifinsa ba. Muka raba kayan tsakanin mu ukun da muka rage a garin: ni, Baba mai kura, da wani mai ɗaukar hoto da ya koma unguwar Bonabéri a ƙetaren kogi da zama. Mai hoton ya karɓi takardun talla, sauran na Alhaji da na waɗanda suka tafi suka dawo ƙarƙashin gadona a cikin akwatunan ƙarfe biyu, maiɗakina tana mita kullum wai warin funfuna ya hana ta barci.

A nan na yanke shawarar karya doka. Na sayi littafin 'yan makaranta da biro, na tafi gidan Baba. Na same shi a ƙofar ɗaki yana jiƙa biredi a shayi.

"Baba, rubutawa na zo yi. Ka faɗa, in rubuta."

Ya dubi littafin kamar na kawo masa mushe. "Ina na ukun?"

"Baba, wane na uku? Mu nawa muka rage?"

"To je ka nemo shi. Alhaji bai yi wata uku a ƙasa ba za ka zo mini da biro? Kai ne magajin, na yarda. Amma a kunnenka zan zuba, a gaban mutane, ba a takarda ba."

Na ce ai ko na kawo mai hoto, da ni da shi da Baba ne ukun, kuma doka shaidu uku ta ce ban da mu biyu. Ya ce wannan zai iya ɗauke kai a kansa, amma ba zai yi ba shaida ko ɗaya ba.

Na tsallaka gada na je Bonabéri. Mai hoto ya daɗe da sayar da kyamararsa, ya koma ɗaukar fasinja a babur. Na jira shi har azahar. Da muka shiga ɗakinsa na ɗaga kai, sai na ga takardun tallan da ya karɓa amana a manne a rufi, ya toshe yoyo da su. Ruwa ya riga ya wanke fuskar wani mai wasa da wuƙaƙe.

"Kada ka dube ni haka, Tela," ya ce. "Yara ne suke kwana a nan. Zan zo Lahadi, in Allah ya yarda."

Bai zo ba. Lahadi uku muna zaune ni da Baba muna kallon hanya. A ta ukun na sake fito da littafin, Baba ya sake cewa a'a, ni kuma raina ya ɓaci. Na gaya masa taurin kai ne ya kashe ƙungiyar nan, ba kiriz ba. Na ce ya riƙe labarinsa ya tafi da shi inda Alhaji ya tafi da nasa. Tsoho ne da ya isa ya haife ni, na faɗa masa haka a ƙofar ɗakinsa, jikokinsa suna ji. Na kaɗa rigata na tafi.

Daminar nan gaba ɗaya ban taka gidansa ba, kuma daminar Douala doguwa ce. Tsakanin shagona da gidansa bai wuce tafiyar minti goma ba. Kullum ina cewa gobe, kuma a raina ina jira shi ya fara aikowa. Wannan ba laifin doka ba ne, ba kuma na talauci ba, nawa ne.

Ya aiko kuwa. Wata safiya 'yarsa ta tsaya a ƙofar shago ta gaishe ni, ta ce, "Kawu, Baba ya ce ka zo, wai ka taho da littafin." A hanya take gaya mini ya faɗi a banɗaki wata biyu da suka wuce, tun daga nan abubuwa suke kuɓuce masa, wata rana ma sai ya kira ta da sunan mahaifiyarta.

Na same shi a kan tabarma, an jingina shi da bango, an baje masa kayan a gabansa. Ya rame ƙwarai. Ya gane ni, har ya yi murmushi.

"Tela, ka yi fushi."

"Baba, ka yafe mini."

"Zauna. Buɗe abin naka, mu yi mu gama."

Na buɗe, na rubuta lamba ɗaya. Ya ɗauki 'yar rigar biri, ya ce wani mutumin Garwa ne ya kawo ta. Na rubuta. Sai ya ce a'a, ba shi ba ne, na Garwa maciji gare shi. Na soke. Ya ajiye ta ya ɗauki sarƙa, ya fara wani labari da na tabbata na bulalar Alhaji ne, ya kai tsakiya ya tsaya. Muka yi kusan awa guda a haka. Shafin ya cika da layukan da na soke.

Can ya jawo takunkumin, na fata da ƙarfe, wanda hannunsa ya sa ya yi baƙi. Ya daɗe yana juya shi. 

"Wannan na kurata ne," ya ce. "Wannan kam na sani. Akwai abin da ya faru ranar da na fara sa mata shi, a wata kasuwa." Ya ɗago ya dube ni. "Kai kana wurin duk lokacin da nake faɗa. Na ɗauke maka doka, Tela. Faɗa mini yadda aka yi."

Na ji labarin nan ya fi sau hamsin. Na ajiye biro na buɗe baki. Na san akwai mahauci a ciki, na san akwai inda wani ya hau rumfa. Ban san garin ba, ban san sunan kurar ba, ban san abin da ya kai mahaucin wurin ba. Na tuna daidai inda Baba yakan tsaya ya ja numfashi, da inda ɗakin yakan fashe da dariya, amma abin da yake faɗa kafin dariyar babu shi a kaina.

"Akwai wani mahauci, Baba," na ce.

"Yawwa," ya ce, idonsa ya yi haske, ya matso. "Mahauci. Sai aka yi yaya?"