Mai Burodin Zabuwa

A bakin kasuwar Dutsin-Ma, gaban teburin Ilu mai sassaƙa hatimin roba, na tarar da wani dattijo tsaye da hularsa a hannu. Gashin hannuwansa duk ya babbake, irin na wanda ya tsufa a bakin tanderu. Ilu na kiransa Baba Obadiya. Ashe shi ne mai burodin nan da ake buga wa hoton zabuwa a takarda.

Ba zabuwa ya zo a sassaƙa masa ba. Fakara yake so, da kaza, da kurciya, duk tsuntsun da mai saye zai ɗauka zabuwa ce. Ya san ƙa'idar Ilu: abin da ya sassaƙa wa wani, ba ya sake yi wa kowa.

"Baba, me za ka yi da su duka?"

"Ajiyewa zan yi, Malam Ilu. Ran kasuwar Kurfi wata mata ta jefe ni da burodi gaban jama'a, wai yaranta sun ci suna ta amai. Ba nawa ba ne. Amma tsuntsun ya yi kama."

Yana maganar idonsa a ƙasa, kamar shi ya yi laifin. Ina jin tun ranar bai sake taka Kurfi ba.

Ilu ya juyo gare ni. "Malam, kai fa?"

Ƙanena da ya buɗe gidan burodi a Makera ne ya aiko ni. Fakara ya ce a yi masa, mai ƙiba, da zane ɗigo-ɗigo.

"Inuwa kawai nake sha," na ce, alhali rana ce ke dukan ƙeyata.