Tafiyarmu Kano da Cinyar Inna

Ana idar da sallar asuba muka bar ƙauyenmu da ke bayan Minjibir, ni da mahaifiyata da ƙanena. Wata uku ke nan Inna tana kukan cinya. Ba ta faɗi ba, ba ta bige ba, amma in ta taka sai ta cije leɓe.

Hagu da dama an yanke gero, dawa ce kawai a tsaye. Direba ya ba Inna kujerar gaba, duk ramin da ya faɗa sai ya ce, "Sannu Hajiya." Ta ce, "Ɗan nan, rage gaisuwa ka dubi hanya." A tasha muka karya da ƙosai. Na birni ya ƙanƙance kamar gurjiya, kuɗinsa ne kawai ya yi ƙiba.

Sai da rana ta take layi ya zo kanmu a asibiti. Aka ɗauki hoton ƙafar, likita ta tambayi abin da Inna take sha. Na miƙa mata kwalin maganin ƙarfafa ƙashi har da ɗan alfahari. Shekara takwas ke nan da aka rubuta shi. In ya ƙare sai mu kai tsohon kwalin kemis a ba mu irinsa. Ni da na yi makarantar yaƙi da jahilci nake kula da ranar sha, ban taɓa bari sati ya tsallake ba.

Likita ta ce, "Wa ya sake duba ta tun lokacin?"

Na ce babu.

Ta nuna min wani siririn layi a hoton, kamar tsagewar tukunya. Ta ce maganin yana da kyau, yana hana karaya, amma in an daɗe ana sha, wani lokacin ƙashin cinya yakan tsage, har ya karye mutum yana cikin tafiya. Mun zo kafin ya karye. Ta tsayar da maganin, ta sa a ɗauki hoton ɗaya cinyar, ta ba mu ranar da za a yi aiki a sa wa ƙashin ƙarfe.

Inna ta ce, "Likita, ashe biyayya ce ta yi mana yawa."

Bayan la'asar muka iso gida, Inna tana dogara sanduna biyu. Masu sannu da zuwa suka ce a kira mai ɗori. Na yi godiya, na ce asibiti za mu koma. Na gane cewa takardar likita ma tana tsufa. Mai shan irin maganin nan kada ya daina da kansa, ya je a sake duba shi.

Inna kuwa ta riga ta ja wa ƙanena kunne: kada ya ba kowa kunyoyin kuɓewarta, da ƙafarta za ta je shuka baɗi.