Kukan da Ya Juyo da Ni Daga Matattakala

Ko gigin tsufa ya kama ni, ba na jin zan manta safiyar da kukan 'yata ya juyo da ni daga matattakalar bene. Shekaru sun ja tun daga ranar.

Lokacin ina haya a unguwar Dengfeng da ke birnin Guangzhou na ƙasar Sin, hawa na huɗu, ina saro wa 'yan kasuwar Kano kayan waya. Nan matata ta haifa mana 'yar fari, cikin sanyin Guangzhou mai ratsa ƙashi. A gidanmu uba ba ya ɗaukar ɗan fari. Ban taɓa jin mahaifinmu ya kama sunan babban yayanmu ba, balle ya saɓa shi. Da wannan alkunyar na zo, ina ta hura hanci. To amma a nan babu kaka, babu gwaggo. In mai jego ta shiga wanka, wa zai riƙe jaririya? Tilas na fara karɓarta, ina riƙe da ita kamar an ba ni ajiyar ƙwai.

Kafin arba'in na ga ina sauyawa. Ni da masu shagunan titin Huanshi Lu suka san zafin raina, sai a kawo mini kaya ba daidai ba in yi magana a hankali. Jaririn wani ya yi kuka a titi, gabana ya faɗi. Na tsorata, har na fara zargin an yi mini asiri.

Ran da abin ya faru, ni da hannuna na cusa tsumma a duk kafar taga, don Hajiyarmu ta ja kunnena a waya kada iska ta bugi mai jego. Matata kuma ta hura gawayi a kasko, na turaren wuta da ɗumama ɗaki, yadda ake yi a gida. Mun manta cewa a gida ƙofa tsakar gida take kallo, iska na shiga tana fita. Na ja ƙofa na sauka hawa na uku wajen maƙwabcina, wani Alhaji ɗan Maraɗi, muka daɗe muna shan shayi, sannan muka kama hanyar ƙasa.

Nan na ji shi. Kuka ne siriri, ba na yunwa ba, ba na fitsari ba. Ban san lokacin da na juya ba.

"Malam, ina kuma za ka? Motar kaya na jira," in ji maƙwabcin.

"Yarinyar nan na kuka."

"Ni ban ji komai ba. Ko ta yi, ai uwarta na nan."

Maganarsa ce ta ƙarasa tsinka mini zuciya. Uwarta na nan, kuma ba ta ɗauke ta ba.

Ina buɗe ƙofa zafi ya daki fuskata. Matata na yashe a gefen gado, na kira ba ta amsa ba. Na ɗago yarinyar, jikinta ya saki, kukan ma ya ɗauke. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Na banke taga, muka ja uwar waje ni da Alhajin da ya biyo bayana, shi ya kira motar asibiti. Na tura yarinyar cikin rigata, ina salati ina lalubar numfashinta a ƙirjina.

Allah ya yi da sauran kwana, dukansu suka farfaɗo. Likitar ta ce iskar gawayi ce, ba ta da wari, kuma saura ƙiris. Maƙwabcina na yi mana tafinta, har ya tona mata zancen asirin da na gaya masa ina zargin an yi mini. Ta yi murmushi. Ta ce uban da ke yawan ɗaukar jaririnsa, sinadaran jininsa kan sauya: mai ingiza zafin rai ya ragu, masu kawo tausayi da sa kunne su ƙaru. Ba ciwo ba ne.

Bayan an sallame mu Hajiya ta kira ta bidiyo, ta gan ni da ita a kafaɗa.

"Kai, 'yar fari ce fa."

"Ita ce, Hajiya."

Ban sauke ta ba. Na koyi cewa kunnen uba ba ya sanin muryar ɗan da bai taɓa rungumarsa ba. Da na riƙe alkunyar gidanmu, da tare da maƙwabcina zan sauka mu hau motar kaya, ni ma ina cewa ban ji komai ba.