Buhun da Ya Ƙanƙance a Kan Kalli

Duk wanda ya ga majigin nan a Nguru, buhun ya bi da ido. Babu wanda ya lura da gammon da ke ƙarƙashinsa, wanda Meram ta naɗa wa mijinta Kalli da tsohon zanenta.

Kalli ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa. Shekara tara yana sauke gyaɗar manoma daga kan jakuna da raƙuma yana kai ta sikeli. A shekarar da kuɗin gyaɗa ya faɗi, gab da babban yaƙin Turawa, masu ɗaukar hoton majigi suka zo neman mai ƙaƙƙarfan wuya. Suka ɗora masa buhu, ya yi taku biyar, suka tsayar da na'urarsu, suka sauya masa da ƙarami. Haka har buhu huɗu. Na ƙarshen bai fi ƙullin taba ba.

Bayan watanni motar majigi ta iso. A jikin farin ƙyalle sai ga Kalli yana tafiya, buhu yana ƙanƙancewa a kansa, har ya isa sikeli ya sauke ɗan ƙulli yana sosa ƙeya. Mai fassara ya yi ta ihu cewa ba gyaɗar ce ta ragu ba, darajarta ce ta zube a kasuwar Turawa. Dariya ta cinye maganarsa.

Washegari Kalli ya miƙa hannu zai ɗauki buhun Yuguda, wani manomi daga Jajimaji.

"A'a, Baba Kalli, ja da baya!" in ji Yuguda. "Da idona na gani. Ɗan abin da na noma ke nan, kuma in ɗora shi a kanka?"

Kalli ya yi masa bayanin buhu huɗu. Ya yi wa wani manomin. Ya yi ta yi har kaka ta wuce. Wasu wasa suke yi, wasu da gaske, amma cikinsu babu wanda ya ba shi kaya. Tun yana rantsuwa har ya koma sai dai ya gyaɗa kai. A gida Meram ta fara dama kunu da rana a madadin tuwo.

Wata safiya yana zaune gefen sikeli, Gogo, tsohuwa mai kawo kifin banda daga Gashua, ta tsaya a kansa.

"Kai ne mai rage kaya?"

"Ni ne, Gogo."

"To taso. Kifina ya gama ƙanƙancewa tun a kan wuta. In ka rage shi, na sara maka."

Ladan bai kai rabin na gyaɗa ba, kuma kwandon yana ɗigar da mai. Kalli ya ɗauka ya kai mata rumfa. Da la'asar ya warware gammon, ya wanke ƙarnin kifin da toka, ya shanya shi a kan danga don ya bushe kafin safiya.